INDA LABARI YA TSAYA: SHARHI A KAN FIM ƊIN "SAN DEMETRIO LONDON"

Gabatarwa

Sau da yawa in muka zauna nazarin ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo, mukan zuba ƙarfinmu a kan jigo da salo da taurari, mu bar wata 'yar tambaya a baya, watau: a ina ne mai labari ya ɗiga aya, kuma don me ya ɗiga ta a nan? In labari ƙagagge ne, to, mai shi ke da ikon farkonsa da ƙarshensa. Amma labarin da aka ɗebo daga tarihi ba shi da ƙarshe na kansa, domin duniya ba ta tsayawa don mai ba da labari ya gaji. Saboda haka duk inda aka yanke shi zaɓi ne aka yi, kuma zaɓin nan shi kansa magana ce da ya kamata manazarci ya saurara.

Wannan ita ce tambayar da nake so in gwada a kan wani tsohon fim na Ingila mai suna San Demetrio London, wanda kamfanin Ealing ya fitar a ƙarshen shekarar 1943, Yaƙin Hitila yana kan ganiyarsa. Michael Balcon ne ya ɗauki nauyin shirya shi, Charles Frend ya ba da umarni. Kada mai karatu ya ce ina ruwan mujallar adabi da silima. Fim ƙanen wasan kwaikwayo ne, kuma awon da muke yi wa ɗaya yana hawa kan ɗayan. Ban da haka ma, an gina fim ɗin ne a kan rubutaccen labari, wani ɗan littafi da marubuciya F. Tennyson Jesse ta wallafa a 1942 bayan ta ji bayani daga mutanen da abin ya faru da su.

Labarin a Taƙaice

San Demetrio jirgin ruwa ne na dakon mai, mallakar kamfanin Eagle Oil, an ƙera shi a Glasgow a 1938. Kalmar London da ke cikin sunan fim ɗin, sunan tashar da aka yi wa jirgin rajista ne, kamar dai yadda akan rubuta a bayan kowane jirgi. A ƙarshen Oktoba 1940 ya tashi daga Halifax ta ƙasar Kanada ɗauke da tan 11,200 na man jiragen sama, cikin wani ayari mai jirage 38 da ake kira HX 84. Na ce ayari domin dabarar ɗaya ce da ta fataken da: a tafi a dunƙule, a sa mai makami ya yi rakiya. Sai dai wannan ayari mai rakiyarsa ɗaya ne tak, watau Jervis Bay, wanda asalinsa jirgin fasinja ne aka ɗora masa tsofaffin igwa.

Ranar 5 ga Nuwamba 1940 jirgin yaƙin Jamus mai suna Admiral Scheer ya auka musu a tsakiyar Tekun Atlantika. Kyaftin Edward Fegen na Jervis Bay ya umarci ayari ya watse, shi kuwa ya nufi abokin gaba kai tsaye, alhali ya san ƙarfin ba ɗaya ba ne. Aka nutsar da jirginsa, shi ma ya halaka tare da mafi yawan mutanensa, aka kuma nutsar da jiragen kaya biyar. San Demetrio ya sha harsashin igwa, wuta ta kama. Wanda ke zaune a kan tan dubu goma sha ɗaya na fetur ba ya jiran a yi masa bayanin wuta, don haka Kyaftin George Waite ya ba da umarni a bar jirgi. Shi da waɗanda ke tare da shi wani jirgi ya tsince su ya kai su Newfoundland.

Saura wani kwalekwalen tsira mai mutum 16, ƙarƙashin hafsa na biyu Arthur Hawkins da babban injiniya Charles Pollard. Bayan sun kwana suna fama da sanyi da igiyar ruwa, sai suka hango wani jirgi yana ci da wuta. Da suka matsa, ashe nasu ne. Suka yi shawara, daga bisani suka hau, suka kashe wuta, suka ta da inji. Ba taswira, ba rediyo, ba sahihin kamfas, domin duk sun ƙone. Da rana da taurari da wani ɗan littafin taswira irin na 'yan makaranta suka yi ta lalube har suka ga gaɓar Ailan, suka shiga kogin Clyde ranar 16 ga Nuwamba. Man da ya salwanta bai wuce tan 200 ba. Mutum ɗaya ne bai iso ba, watau John Boyle, mai zuba wa inji giris, wanda ya ji ciwo a ciki tun lokacin barin jirgi, ya ci gaba da aiki a haka har rai ya yi halinsa, aka yi jana'izarsa a teku. Fim ya ƙare a kotu, inda alƙali ya yanka wa mutanen ladan ceto na fam 14,700.

Abin Yabo

Kafin in zo ga ƙorafina, wajibi ne in ba fim ɗin hakkinsa, domin yana da shi.

Na farko, ba shi da tauraro guda. A galibin finafinan yaƙi na wancan zamani, hafsa ɗan manyan gida shi ke magana, ƙananan ma'aikata kuwa ana kawo su ne don ban dariya ko don su ce "to, ranka ya daɗe". A nan kuwa kyaftin ya fita daga labari tun da wuri, aka bar mu da injiniya da mai giris da yaron kicin da matuƙin kwalekwale ɗan tsibiran Sikotilan. Babbar shawarar da ke cikin labarin, watau a koma kan jirgi mai ci da wuta ko a zauna a kwalekwale sanyi ya kashe, ba umarni aka bayar ba, tambayar kowa aka yi. Masanin fim Charles Barr, a littafinsa na 1977 a kan kamfanin Ealing, ya tsaya a kan wannan siffa ta jama'a mai aiki da yardar juna, kuma ina tare da shi a nan.

Na biyu, fim ɗin ya girmama aiki. Jarumtaka a cikinsa ba ta wuce toshe huda da katako, da ɗebo ruwa da bokiti, da gyaran famfo, da neman hanyar dafa ɗan abinci ba tare da an kunna ashana kusa da fetur ba. Ba a harba ko harsashi ɗaya daga hannun taurarinmu bayan sun koma jirgi. Wannan darasi ne ga matasan marubutanmu da ke ganin labari ba ya tsayuwa sai da takobi ko soyayya. Mutum da aikinsa ma labari ne, in an iya kallonsa.

Na uku, akwai kamun kai a harshe. Walter Fitzgerald da ya fito a Pollard da Ralph Michael da ya fito a Hawkins ba sa dogon jawabi a kan kishin ƙasa. Magana gajera ce, ta masu aiki. Ko ɗan baƙon nan da ake yi wa laƙabi da Yank, wanda Robert Beatty ya fito a matsayinsa, da ya shigo jirgi yana ɗagawa yana ƙin aiki, ba wa'azi ne ya gyara shi ba, wahala ce ta haɗa shi da sauran. Ba sai an faɗa ba, a 1943 wannan saƙo ne ga Ingila da Amurka cewa tafiyarsu ɗaya ce.

Akwai rauni na sana'a, musamman inda ido ke gane cewa ƙaramin jirgin wasa ne ke yawo a kududdufin ɗakin ɗaukar hoto. Wannan ban ɗauke shi da zafi ba, kayan aikin zamanin ke nan.

Mutuwar da Aka Zaɓa

Yanzu sai mu dubi John Boyle, wanda Mervyn Johns ya fito a matsayinsa. A tawa fahimtar shi ne ginshiƙin fim ɗin, domin in babu shi labarin ya zama wasan sa'a kawai. Mutuwarsa ce ke gaya wa mai kallo cewa an biya farashi.

To amma mu lura da irin mutuwar. Ta zo a hankali. Yana kwance, abokan aiki suna leƙo shi, suna ba shi abin da ya samu. Da ya cika, akwai gawa, akwai tuta da aka lulluɓe ta da ita, akwai addu'a, akwai shaidu. A kotu an ambaci sunansa, an ware wa magadansa fam 1,000. Watau mutuwa ce mai tsari, wadda ke da farko da tsakiya da ƙarshe, irin wadda uwa ko matar aure da ke zaune a gidan silima a Liverpool ko Glasgow za ta iya kallo ta share hawaye ta koma gida da ɗan sanyi a zuciya.

Ba na cewa ƙarya aka yi. Haka Boyle ya mutu. Abin da nake cewa shi ne, ba haka galibin ma'aikatan jiragen mai suka mutu ba. In nakiyar jirgin ƙarƙashin teku ta sami jirgi mai ɗauke da fetur, mai yakan malala a kan ruwa yana ci, ya zama wanda ya tsaya a jirgi wuta, wanda ya yi tsalle ma wuta. Mutanen ɗakin inji, irin su Boyle, su ne a can ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, inda nakiya ta fi sauka, kuma tsakaninsu da sarari akwai tsani bayan tsani. Irin wannan mutuwa ba ta barin gawa, ba ta barin shaida, ba ta barin kalmar ƙarshe. Abin da iyali ke samu shi ne takardar waya daga kamfani. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya fiye da 30,000 ne suka halaka a wannan yaƙi. A dandalin tunawa na Tower Hill a London an rubuta sunayen kusan 24,000 waɗanda ba su da kabari sai teku. Daga cikin wannan taro, fim ya zaɓi mutum ɗaya wanda mutuwarsa ke kalluwa, ya tsayar da shi a madadin sauran.

Inda Aka Ɗiga Aya

Ga inda tambayata ta farko ta dawo. Bayan an gyara San Demetrio ya koma bakin aiki. Ranar 17 ga Maris 1942, watau wata 16 kacal bayan shigarsa Clyde, yana tafe shi kaɗai ba rakiya a gabashin gaɓar Virginia ta Amurka, ya taso daga Baltimore da kaya masu kama wuta, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-404 ya harbe shi da nakiya ya nutse. Mutum 19 suka halaka. Lokacin nan ne Jamusawa ke cin karensu ba babbaka a gaɓar Amurka, domin ba a riga an tsara ayari a wannan yanki ba, kuma fitilun garuruwan gaɓa suna haska jirage da dare kamar an ɗora su a faifai.

Ke nan ranar da 'yan kallo suka fara tafa wa San Demetrio a London, jirgin ya yi wata 21 a ƙarƙashin teku. Labarin fim bai kai nan ba. Ya tsaya a kotu, ana rabon lada.

Wani zai ce, to, ai labarin Nuwamba 1940 aka ɗauko, ba tarihin jirgi tun daga ƙira har nutsewa ba, kuma kowane labari dole ya tsaya wani wuri. Zai ƙara da cewa lokacin yaƙi ne, gwamnatin Birtaniya ma tun cikin 1941 ta daina bayyana yawan jiragen da ake nutsarwa, don kada ta karya zuciyar jama'a ta kuma ba abokan gaba labari. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba na tuhumar Balcon da Frend da ha'inci. Wanda gidansa ke ci da wuta ba a tambayarsa adon magana. Amma uzurin mai yi daban, aikin mai nazari daban. Mu da muke kallo bayan shekaru tamanin da wani abu, ba a ƙarƙashin dokar yaƙi muke ba, kuma in muka karɓi ayar a inda aka ɗiga ta ba tare da tambaya ba, mun zama abokan shirun.

Dubi yadda ma'anar labarin ke juyawa in aka matsar da ayar gaba kaɗan. In an tsaya a Clyde, darasin shi ne: haƙuri da haɗin kai suna kai jirgi gida. In an tsaya a gaɓar Virginia, darasin ya zama: abin da mutum 16 suka saya da ran Boyle, wa'adin wata 16 ne, kuma a ƙarshensa wasu 19 suka biya. Wannan bai rage darajar abin da suka yi ba ko kaɗan. Man da suka kawo ya tashi jiragen sama a lokacin da Ingila ke tsananin bukatarsa. Sai dai labari na biyu ya fi kusa da yadda yaƙin teku yake, watau ba nasara ɗaya ba ce da ake ci a huta, jigila ce da ake maimaitawa har ranar da sa'a ta ƙare. Na farko labarin jarumai ne. Na biyu labarin ma'aikata ne, kuma fim ɗin da ya yi suna wajen girmama ma'aikata, a nan ya ja da baya.

Kotu da Lada

Fitowar kotu ita ma tana bukatar a sake dubanta. Mai kallo yakan tashi da jin cewa ƙasa ta saka wa 'ya'yanta. To amma mene ne ainihin kuɗin nan? Ba albashi ba ne, ba kuma diyya ba ce. Ladan ceton dukiya ne. A dokar teku ta Ingila ma'aikacin jirgi ba ya neman ladan ceton jirginsa, domin kiyaye shi aikinsa ne. Abin da ya buɗe wa waɗannan ƙofa shi ne, kyaftin ya riga ya ba da umarnin barin jirgi, saboda haka yarjejeniyar aikinsu ta yanke, suka koma kamar baƙin da suka tsinci dukiya a teku. Kuma da yake sun shigo da jirgin da ƙarfin injinsa ba su yarda an ja su ba, ba wanda ya raba ladan da su. An ƙiyasta jirgin a kan fam 250,000, kayansa kusan fam 60,000. Ladan duka bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan ba.

Abin da fim bai nuna ba shi ne ɗaya fuskar wannan ƙa'ida. In aiki yana yankewa da rasa jirgi, to, albashi ma haka. Abin da aka saba a lokacin shi ne, ranar da jirgi ya nutse ranar ake rufe lissafin ma'aikaci, ko da zai yi mako biyu a kwalekwale yana shan ruwan sama. Sai a watan Mayu 1941 aka yi dokar da ta tabbatar wa ma'aikatan jirage biya tsakanin jirgi da jirgi. Ashe ƙa'idar da ta cika aljihun mutum 16 ita ce ta bar dubbai hannu wofi. An nuna mana hannun da ke bayarwa, an ɓoye wanda ke karɓewa.

Waɗanda Ba Su Shiga Hoto Ba

Akwai shiru na uku. Jiragen kasuwancin Birtaniya ba Turawa kaɗai ke aiki a cikinsu ba. Akwai dubban Indiyawa da Sinawa da Larabawan Aden da Somaliyawa da mutanen Afirka ta Yamma, galibinsu a ɗakin inji da kicin, kuma a kan albashin da bai kai na Bature ba. Kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Ikko ya yi asarar jirage da dama, ciki har da Abosso da aka nutsar ranar 29 ga Oktoba 1942, inda mutum 362 suka halaka. Mu kanmu ba mu yi nisa da wannan jigila ba. Jiragen saman yaƙi da aka riƙa haɗawa a Takoradi tun daga 1940, suna bi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira, man da suke sha ta teku ya iso gaɓarmu, a cikin jirage irin San Demetrio.

Ba laifin fim ba ne da ya nuna mutanen da ke cikin wancan kwalekwale kamar yadda suke. Amma zaɓen labarin da za a mai da fim shi ma zaɓi ne. Cikin dubban jiragen da suka ratsa teku, wanda aka ɗauko ya zama madubin ƙasa shi ne wanda mai kallo a Ingila zai ga fuskarsa a ciki.

Kammalawa

A ƙarshe, ra'ayina shi ne San Demetrio London fim ne mai kyau, mai gaskiya a cikin iyakar da ya shata wa kansa, kuma ya cancanci ɗaliban wasan kwaikwayo su nazarce shi, musamman wajen yadda ake gina labari ba tare da tauraro guda ba. Amma iyakar nan ita ce abin nazari. Ya ba mu mamaci ɗaya mai suna da jana'iza, ya tsaya kafin 19 da ba su sami jana'iza ba. Ya ba mu lada, ya tsaya kafin albashin da aka yanke.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk lokacin da aka ce mana labari ya faru da gaske, ko a fim ne, ko a littafi, ko a bakin maroƙi, mu tambayi abin da ya faru kashegarin ranar da aka rufe shi. Mai tatsuniya in ya ce ƙurunƙus, an gama, domin Gizo ba shi da wata rayuwa bayan labari. San Demetrio kuwa yana da ita, wata 16, kuma mutanen da suka hau shi a tafiyarsa ta ƙarshe suna da iyali da ke jiransu kamar yadda iyalin Boyle suka jira.